Taliya a gidan masu ita

Ya kai mai karatu, ka san taliya. Ko ba ka ci ta yau ba, ka gan ta. Ka gan ta a tashar Ƙwanni cikin babban kwano an rufe da faifai. Ka gan ta a bakin makaranta, yara sun kewaye mai saidawa. Ka gan ta a Tsernawa, inda direbobin manyan motoci ke tsayawa kafin su kama hanyar Tawa. Ana zuba mata man gujiya da yaji, a yanka ƴar albasa bisa. Wadda ake sayowa kanti cikin leda kuwa, ita ce muke ce wa maka.

To, ka taɓa tsayawa ka saurari sunan? Faɗe shi sannu: ta-li-ya. Yanzu ƙara harafi guda a gaba: I-ta-li-ya. Ka ji? Italiya sunan wata ƙasa ne, kuma mutane da yawa na cewa daga nan taliya ta samo sunanta.

Italiya tana Turai, ƙetaren teku, arewa da Libiya. In ka dube ta a taswira, sai ka ce takalmi ne mai dogon wuya. Babban birninta Roma. Nijar ta ninka ta faɗi sau 4, amma mutanenta sun kai wajen miliyan 59. Mu mutanen jihar Tawa ba baƙinsu ba ne. A shekarar 1984 aka fara babban aikin gyaran ƙasa na Keita, kuma da kuɗɗin Italiya aka yi shi. Tsofaffin matan da suka ɗauki duwatsu a ka wajen aikin nan, har yau suna ba da labari.

Taliya ta daɗe a duniya. A shekarar 1154 wani malami Musulmi mai suna Al-Idrisi ya rubuta littafi bisa ƙasashen duniya. Yana zaune a Sisiliya, wani babban tsibiri na kudancin Italiya. Ya ce akwai wani gari can da ake kira Tarabiya, inda ake yin abinci da garin alkama, sirara kamar zare. Ana loda shi cikin jiragen ruwa a kai ƙasashen Musulmi da na Kirista. Ka ga ke nan tun fiye da shekara 850 ana fataucin taliya.

Tumatir kuwa daga baya ya zo. Asalinsa nahiyar Amurka ne. Ya iso Italiya bayan shekarar 1500, kuma da farko tsoronsa aka ji, ana shuka shi don ado. An daɗe ƙwarai kafin a haɗa shi da taliya. Ɗaya daga cikin littattafan girki na farko da suka nuna wannan haɗi, a birnin Napoli aka buga shi a 1839.

Yaya aka yi abin ya iso mu? Hamada ba ta taɓa hana abinci tafiya ba. Fataken Larabawa na Gadamus da Tarabulus sun zauna Kano, sun saba wa mutanen birni da abincin alkama irin su gurasa da alkaki. Daga baya, a 1911, sojan Italiya suka faɗa wa Libiya da yaƙi, suka riƙe ta har 1943. Ba mulkin daɗi ba ne. Su ne suka rataye Umar Muktar a 1931. Da suka tafi, sun bar maka cikin tukwanen mutane. Tambayi duk ɗan Adar da ya je biɗa Libiya, zai gaya maka ya ci makarona har ya gaji.

Ni kuwa sau ɗaya na ci taliya a gidan masu ita, kuma shi ne labarin da nake so in ba ka.

Shekarun baya aka kira mu Yamai, mu malaman karatun manya, don ƙarin horo. Ranar da aka gama, wani ɗan Italiya da muka yi aiki tare ya ce zai kai mu mu ci abincin garinsu. Mu uku ne. Ya kai mu wani gida, ba babba ba. Tebur bai wuce 10 ba. Maigidan da kansa ya tarbe mu a ƙofa, ya ba mu hannu. Matarsa tana madafa. Wani saurayi, ɗan ƙanensa, shi ke kai kwanoni yana dawowa.

Muka zauna. Aka kawo burodi da gasasshen yalo da man zaitun. Na ci. Aka kawo taliya da miyar tumatir, an barbaɗa wani farin gari bisa. Na ɗanɗana, ashe cuku ne aka goga. Na ce a raina, to, ga tuwon ya iso. Na gyara zama, na cinye tas, na share kwanon da burodi. Maigidan ya ga haka, ya yi murna, ya ƙaro mini. Na cinye wannan ma. Na sha ruwa, na yi hamdala, na fara neman hulata.

Sai ga saurayin nan da wani faranti. Naman rago ne da dankali.

Na dubi abokin tafiyata, wanda ya girme ni, na ce: "Malam, wanga kuma na wa ne?"

Ya ce: "Naka ne, Malam. Ashe ba a fara ba."

Wallahi ban iya cin ko rabi ba. Matar ta fito daga madafa tana share hannu, ta dubi farantina, ta yi magana da harshensu. Aka fassara mini: wai ko bai yi daɗi ba ne? Na ce a gaya wa Inna abinci ya yi daɗi, cikina ne ƙarami. Ta yi dariya, ta sa aka ƙunshe mini sauran. Kunyar da na ji ran nan ita ta sa na yi ta tambaya, har na gane yadda abin yake.

Ga yadda yake. Mu tuwo da miya tare suke zuwa, a kwano guda, a ci a tashi. Su kuwa bi da bi suke kawo abinci. Da farko ɗan abin buɗe baki. Sannan kwano na ɗaya, wato taliya ko shinkafa ko romo. Sannan kwano na biyu, nama ko kifi, da ɗan ganye a gefe. Daga nan ƴaƴan itace ko wani abin zaƙi. A rufe da kofi baƙi mai ƙarfi, a ɗan ƙaramin kofi da bai fi na shayinmu ba. Saboda haka ba a cika kwanon taliya. Wajen giram 80 zuwa 100 ake dafa wa mutum guda. Kuma ba dole ba ne ka ci duka. Su kansu a ranakun aiki kwano guda ko biyu suke nema. Jerin nan cikakke na ranar Lahadi ne, ko ranar buki, ko in an yi baƙo. A irin wagga rana ana iya awa 2 ko 3 a zaune, ana ci ana hira.

Irin gidan nan suna da suna gare shi. Suna rubuta shi haka: trattoria. In ka ga kalmar a allo, ka san gidan abinci ne na iyali, ba na manyan masu kuɗɗi ba. Sau da yawa uwa ko kaka ce ke girki, uba na wajen kuɗɗi, ƴaƴa da surukai na hidimar baƙi. Wani gidan kakan kaka ne ya buɗe shi, kuma miyar da ake yi yau ita ce aka yi tun lokacinsa.

Abin da ya fi burge ni shi ne ƙarancin abin da suke dafawa. Gidan kirki ba ya jera abinci kala 50. Kala kaɗan ne, wani lokaci a allo ake rubuta su da alli, gobe a goge a sake. Mi ya sa? Don abin da aka samu kasuwa da safe shi ake dafawa. Gidan da ke bakin teku kifi yake yi. Wanda ke cikin duwatsu nama da wake yake yi. Mutumin Bolonya yana murza taliyarsa da ƙwai, ƙwai guda ga giram 100 na gari. Mutumin Napoli ya fi son busasshiya da tumatir. Kowa na cewa ta garinsu ta fi, kamar yadda ake gardamar fura tsakanin gari da gari a nan. Suna alfahari da sunan wuri. Akwai wani cuku mai tauri da ake yi a yankin Parma, ba a saida shi sai ya yi wata 12 a ajiye, kuma doka ta hana wani ya yi nasa a wani wuri ya laƙa masa wannan suna. Da na ji haka sai na tuna albasar Galmi, wadda ake lodi daga nan har Abijan da Akara. Ita ma sunan garinta ke saida ta.

Kuma suna da lokaci. Ana buɗewa da rana, a rufe bayan azahar, a sake buɗewa da dare. Gidaje da yawa na da rana guda a mako da ba su aiki sam. Ko ka zo da kuɗɗi cike da aljihu, ƙofa a rufe take.

Yanzu ga wurin da karatunka zai yi maka rana. Wataƙila wata rana ka shiga irin gidan nan, a Yamai ko Agadas ko wata ƙasa. Za a miƙo maka takarda mai sunayen abinci, kowane da kuɗɗinsa a gefe. Kada ka ji kunyar ɗaukar lokaci. Sa yatsa, bi layi, karanta lambar kafin ka ce a kawo. Kowane kwano da kuɗɗinsa daban, ruwan kwalba ma haka. A Italiya gidaje da yawa na ƙara wani ɗan kuɗɗi na zama da burodi, ga kowane mutum. Suna rubuta shi coperto. Ba zamba ba ce, al'adarsu ce, amma gara ka sani tun ba a kawo takardar lissafi ba.

Abu na biyu ya fi wannan nauyi. Yawancin mutanen Italiya Kirista ne. Suna cin naman alade, suna shan giya, kuma suna zuba su cikin girki ta yadda ido ba ya gani. A takardar Faransanci ka lura da kalmomin nan: porc, jambon, lardons, vin. Uku na farko alade ne, ta ƙarshe giya. A takardar Italiyanci kuwa: maiale, prosciutto, pancetta, vino. Taliyar da ake kira carbonara da naman alade ake yin ta. Miyar niƙaƙƙen nama ta Bolonya ma, a asalinta ana sa mata alade da giya. Kwafi kalmomin nan a littafinka. In ka yi shakka, tambaya. Mu ran nan mun tambaya tun muna ƙofa, maigidan bai ji haushi ba, ya nuna mana abin da za mu iya ci. Taliya da tumatir, ko da tafarnuwa da man zaitun, ko da kifi, su suka fi sauƙin sha'ani.

Da na dawo gida na zauna na yi tunani. Mi na gani can wanda babu shi nan? Mai tuwon bakin kasuwarmu ita ma ita ke girki. Ƙanwarta na wanke kwanoni, ɗanta na ɗebo ruwa. Ta san wanda ba ya son yaji, ta san wanda ke son ƙanzo. Leburorin siminti na Malbaza kowa na da wadda yake ci wurinta, ba ya canzawa. Injin murza taliya mai hannu, wanda matanmu ke ɗaurewa ga benci, irinsa ne a gidajen Italiya. Alkama ana noma ta da sanyi a filayen ban ruwa na Ƙwanni, da ruwan madatsun Mozage da Zango. Albasa ga ta. Tumatir na yin yawa har a yanka a shanya kauɗa. Cuku Buzaye da Fulani na kawowa. Ganyen ƙamshin da suke sa wa miyar tumatir ma ɗan'uwan ɗoɗɗoya ne, wadda ke fitowa bayan ɗaki ba mai kula ta.

Bambancin da na gani biyu ne, kuma ba a tukunya suke ba.

Na farko lissafi. Maigidan nan yana da littafi kusa da akwatin kuɗɗi. Abin da ya shiga da abin da ya fita, duk a rubuce. Wata ɗalibata a ajin mata tana saida taliya shekara da shekaru. Kullum tana cewa sana'ar ba ta da albarka, kuɗɗi na shiga ba ta ganin su. Na ce mata: "Inna, gobe ki rubuta kome, ko na dala guda ne." Ta kawo mini takardar. Fulawa dala 400. Mai dala 120. Yaji da gishiri da albasa dala 60. Itace dala 60. Ruwa dala 20. Haɗa da kanka, mai karatu. Dala 660 ke nan. Ta saida na dala 840. Ribarta dala 180. Amma cikin abin da ta saida, na dala 100 bashi ne, wai sai ran kasuwa. Abin da ya rage hannunta dala 80. A kan dala 80 ta tashi tun asuba, ta kwaɓa, ta murza, ta shanya a igiya, ta dafa, ta wuni a rana.

Ta daɗe tana duban takardar. Sannan ta ce: "Malam, ashe ba maita ba ce, bashi ne." Ba ta daina ba da bashi ba, don a garinmu ba ya yiwuwa. Amma yanzu tana rubuta sunan mai ci da ranar, kuma wanda ya kai dala 100 bai biya ba, sai ya kawo kafin a zuba masa.

Na biyu yara. Saurayin nan mai kai kwanoni, da dare yake aikin, da rana yana karatu. A Italiya doka ta tilasta yaro ya yi makaranta har shekara 16. A nan kuwa, in an ce sana'ar iyali, sau da yawa ƴar shekara 9 ce ke ɗauke da kwano a ka, tana yawo tsakanin motoci a tasha, ƴan'uwanta na aji. Na san dalili. Uwa ba ta fita, kuma gida na jiran kuɗɗin cefane. Ban zo in zagi kowa ba, ni ma da kuɗɗin talla aka saya mini allo na farko. Amma ke ƴar'uwa mai karanta wannan, kin ga wahalar koyon baƙi da girma, ido na ruwa, hannu na rawa. In akwai yadda za a yi tallan ya koma bayan an taso makaranta, ko wata babba ta zauna da kwanon a ƙofar gida, a gwada.

Kada kuma ka ɗauka can aljanna ce. Aikin gidan abinci aikin tsayuwa ne, kuma ƴaƴa da yawa ba su son gadonsa. Shi ya sa a manyan biranen Italiya za ka tarar baƙi ne a madafa, mutanen Masar da Bangaladash da wasu ƙasashe. Tumatirin ma, a kudancin ƙasar wajen Fojiya, ƴan Afirka da yawa ne ke tsinkarsa cikin zafin rana. Suna kwana a bukkokin kwano da leda, ƴan kamasho na cin wani kaso na guminsu. Duk saurayin da ke mafarkin ƙetare teku, ya san da wannan.

To, in kana so iyalinka su ɗanɗana irin wadda na ci, ba sai an je Yamai ba. Ga yadda matar nan ta kwatanta mana, na mutum 5.

A yanka albasa 2 ƙanana-ƙanana, a soya a ɗan mai, wuta kaɗan, har ta yi laushi, kada ta ƙone. A sa tafarnuwa. A zuba nunannen tumatir kamar 8 da aka yanka. In ba lokacinsa ba ne, a jiƙa kauɗa a daka. A sa gishiri, a bar shi yana dahuwa sannu har ruwan ya ragu, mai ya taso. A tsinka ganyen ɗoɗɗoya kaɗan a jefa daga ƙarshe. Su ba su cika kayan ƙamshi ba. Mai son yaji ya sa nasa a kwanonsa.

A wata babbar tukunya a tafasa ruwa mai yawa, lita 5 ga rabin kilo na maka. Ruwa kaɗan shi ke sa ta caɓe. Sai ya tafasa sosai a sa gishiri, a zuba, a motsa. Dubi jikin ledar, akwai lamba da ke nuna mintin dahuwa. Karanta ta, ka bi ta. Taliyar gida ta fi saurin nuna, kada a yi nisa da ita. Su ba su son ta yi lugub. Suna so haƙori ya ji ta kaɗan, har suna da sunan haka, al dente, wato ga haƙori. A tsame, kada a ɗauraye da ruwan sanyi. A juye ta cikin tukunyar miya, a juya minti guda bisa wuta don miyar ta kama ta. In akwai busasshen cuku, a daka a barbaɗa.

A kira mutanen gida tun tana wuta, don ita ba ta jiran kowa.